Suwaita mai tufka da kitso: yadda na saƙa ta ɗan shekara goma

Murɗa idanu su hau kan juna shi ne abin da ke ba mai koyo tsoro a saƙar tufka, alhali kuwa duk cikin aikin babu abin da ya kai shi sauƙi. Duk wadda ta iya idon sumul da idon ƙulli, waɗanda takardun saƙa na Turawa ke rubutawa da K da P, a zama ɗaya za ta iya murɗi. Abin da ke ɓata suwaita wani abu ne daban: tufka tana cin faɗi. Ido 47 da aka saƙa sumul zalla sun haura santimita 21, amma da na jera musu tufka huɗu da kitso ɗaya sai suka tsuke zuwa santimita 16. Wannan santimita biyar ɗin da ta ɓace ita ce ke sa riga ta matse ƙirji, gindinta ya yi baza, wuyanta ya buɗe baki. Duk lissafin da ke ƙasa daga nan ya taso.

Irin wannan saƙa ta yi suna ne daga tsibiran Aran da ke yammacin ƙasar Ailan, inda tun farkon ƙarni na 20 ake saƙa ta da gashin tumaki mai kauri, fari mai ruwan madara, a cika gaba da baya da hannuwa da zane. An yi ta ne domin iskar teku. A Katsina kuwa, ko a tsakiyar Janairu da sanyin asuba ke sauka ƙasa da digiri 15, kafin azahar rana ta kusa 30. Yaron da aka sa wa riga mai nauyin tasu zai tuɓe ta tun kafin a fita tara, ya cusa a jaka. Saboda haka na zaɓi zare matsakaici, na tara zanen a tsakiya, na bar gefe da gefe sumul.

Ulun da aka fi samu a kasuwanninmu na roba ne, ba gashin dabba ba, kuma siriri ne, sai an ninka shi biyu kafin ya cika kibiya mai lamba 4, wato milimita 4. Nauyin dunƙule ya bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan, don haka ƙirga dunƙule ba ya gaya wa mutum komai, sikeli ne ke faɗin gaskiya. Na sayi giram 500, rigar ta ci kusan 430. A sayi duka lokaci guda, daga leda guda. Mai shago zai ce, "Hajiya, ai duk kala ɗaya ce," kuma har zuciyarsa haka yake gani, amma rini biyu ba sa taɓa zuwa daidai. A cikin shago ba a ganin bambancin, sai an fito rana a ga layi ya raba ƙirjin rigar gida biyu. In akwai lambar rini a jikin takardar dunƙulen, a duba ta zama ɗaya.

Kala ma tana da magana. Tufka da inuwa take fitowa, saboda haka baƙi da shuɗi mai duhu suna haɗiye ta, a sha wahalar banza ba wanda zai gani. Fari yana fito da ita tas, sai dai ƙurar hunturu ba ta barin fari ya kai la'asar a jikin yaro. Ruwan toka mai haske ko ruwan ƙasa su ne daidai. Zare mai sirkin kala-kala kuwa a bar shi ga hular jarirai, shi da tufka ba sa shiri.

Bayan zare, kayan aikin su ne kibiya lamba 4 guda biyu, kibiya lamba 3.25 guda biyu domin bakin roba (saƙa mai miƙewa ta gindin riga, bakin hannu da wuya), tef ɗin awo irin na tela, allura mai faɗin kafa da dakusasshen baki, kwarashi siriri don ɗauko idon da ya zame, da ɗan tsinken da ake ajiye idanu a kai lokacin murɗi. Ana sayar da na ƙarfe mai lanƙwasa a tsakiya, amma tsinken tsire da aka yanke ya zama santimita 10, aka fiƙe bakinsa biyu aka goge da sanfefa, ya fi shi riƙe zaren roba, domin ƙarfe santsi gare shi, idanu suna sulalewa. Sharaɗinsa ɗaya: kada ya fi kibiyar kauri, in ba haka ba zai buɗe idanun su yi sako-sako.

Ƙirjin yaron santimita 70 ne. Na ƙara 10 domin zai sa ta a kan rigar makaranta, ya zama 80, wato gaba 40, baya 40. Tsawo daga kafaɗa 50, hannu 38, zurfin hammata 18.

Daga nan sai gwaji, kuma gwaji biyu ne. Na farko sumul zalla: a ɗora ido 30, a saƙa santimita 12, a wanke, a shanya a kwance, sannan a ɗora tef a tsakiya a ƙirga. Nawa ya ba ni ido 22 da layi 28 a santimita 10. Kowace mace da hannunta. Mai sakin hannu za ta iya samun 20 a maimakon 22, kuma wannan ido biyun da ake rainawa zai ƙara wa kewayen rigar santimita 8. In ya fito ƙasa da 22 a koma kibiya mafi siranta, in ya haura a ɗauki mafi kauri. Gwaji na biyu shi ne zanen tsakiyar gaba ɗayansa, ido 47 da ƙarin biyar-biyar a gefe, a saƙa layi 24 aƙalla domin murɗin ya zauna. Shi ne ya ba ni santimita 16 ɗin nan. A auna shi a kwance yadda ya ga dama, kada a ja, kada a tattara.

Lissafin kuwa ga shi. Daga 40 a cire 16, saura 24, wato 12 a kowane gefe. Santimita 12 a kan ido 22 cikin goma ya ba da 26. A ƙara ido ɗaya a kowane baki wanda ɗinki zai cinye, ya zama 27. To 27 da 47 da 27, jimla 101. Da rigar sumul ce zalla, ido 90 sun isa. Wannan rarar ta 11 kuɗin tufka ce, kuma dole a san inda za a shigar da ita da inda za a fitar da ita.

Ba a ɗora 101 tun daga gindi. In aka yi haka, bakin roba zai fi jikin rigar faɗi, ya riƙa baza a ƙugu. Na ɗora 90 a kibiya lamba 3.25, na saƙa sumul 2 ƙulli 2 har santimita 5, sannan a layin ƙarshe na ƙara 11 ɗin. Wasu takardu suna cewa a watsa ƙarin daidai-wa-daida a faɗin layi. Ban yarda da wannan ba. Ƙarin na tufka ne, a ƙarƙashinta ya kamata ya zauna: ido biyu a gindin kowace tufka, huɗu ke nan su koma shida, sau huɗu takwas, da ido uku a gindin kitso, shida su koma tara. Hanyar ƙarin da ba ta barin huda ita ce a ɗago zaren da ke kwance tsakanin ido biyu, a ɗora shi a kibiyar hagu, a saƙa shi ta ƙafar baya domin ya murɗe. In aka saƙa ta ƙafar gaba rami zai fito.

Yanzu a koma kibiya lamba 4. A layin fuska, daga dama, jerin shi ne: sumul 27, ƙulli 2, tufka 6, ƙulli 2, tufka 6, ƙulli 3, kitso 9, ƙulli 3, tufka 6, ƙulli 2, tufka 6, ƙulli 2, sumul 27. Idanun tufka da na kitso duk sumul ne. Ƙullin da ke tsakaninsu shi ne ke nutsewa ya bar su su taso. A layin ciki babu wani tunani, kowane ido a saƙa shi yadda ya bayyana a gabanki, mai kama da sumul a yi masa sumul, mai gudaji a yi masa ƙulli. Na ɗaura ɗan zoben zare mai wata kala a kan kibiya a farkon ido 47 ɗin da ƙarshensu, ina tsallakar da shi kowane layi.

Zanen yana maimaita kansa bayan layi 8, kuma murɗi a layin fuska kaɗai ake yin sa. Idan aka iso tufka, sai a zare ido uku na farko a ɗora a tsinke ba tare da an saƙa su ba, a saƙa ukun da ke biye, sannan a dawo a saƙa na kan tsinken. Shi ke nan. Inda tsinken ya kwanta shi ne ke yanke hukunci: in an bar shi a gaban saƙa, tufkar za ta karkata hagu, in an tura shi baya, ta karkata dama. A takarda, na farko shi ne C6F, na biyu C6B. Tufka biyu na farkon layi na tura tsinkensu baya, biyun ƙarshe na bar shi gaba, domin ɓangarorin biyu su yi daidai da juna ta ko'ina daga tsakiya. Duka huɗun a layi na 3 suke murɗewa.

Kitso yana murɗewa sau biyu. A layi na 3 a ɗora uku na farko a tsinke a gaba, a saƙa uku, a saƙa na tsinke, sannan a saƙa ukun ƙarshe yadda suke. A layi na 7 a saƙa uku na farko yadda suke, a ɗora uku na tsakiya a tsinke a baya, a saƙa ukun ƙarshe, a dawo kan na tsinke. Daidai yake da hannun mai kitso, ta ɗauko silin dama ta ɗora a tsakiya, ta ɗauko na hagu ta ɗora a tsakiya. In aka yi kuskure aka kai tsinken gefe guda a duka biyun, sili ɗaya ne zai riƙa yawo a sama, kitson ba zai kama ba.

Layin murɗi yana da tauri, haka yake, ba laifin hannu ba ne, domin ido uku ne ake ja su tsallake wurin da ba nasu ba. Maganinsa a saki hannu kaɗan a layin ciki da ke gabaninsa, a daidai idanun tufkar. Wasu ƙananan huda biyu suna fitowa a gefen kowane murɗi. Ba sa buƙatar gyara, layi biyu a gaba sun rufe. Abin lura ga mai ninka zare shi ne a nan ne bakin kibiya ya fi raba silin biyu, ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Wanda aka bari yakan fito ɗan kunne a fuskar riga, kuma in ya sami abin da ya kama shi zai ja. Bayan kowane layin murɗi ina bin idanun da kallo in tabbatar kowanne sili biyu ne. Kuma a kula kada tsinken ya juya kansa kafin a saƙa na kansa: idon da ya fara hawa, shi ne zai fara sauka, ta ɗaya bakin tsinken.

Akwai wata matsala da kusan kowa ke gamuwa da ita, kuma ba kowa ya san dalilinta ba. Idon ƙarshe na gefen hagu na kowace tufka yakan fito ƙato, sako-sako, ga wani tsani na zare a gefensa, alhali gefen dama tsaf yake. Dalili shi ne lokacin da aka tashi daga sumul zuwa ƙulli, zaren yana zagayowa gaba sannan ya haye saman kibiya, tafiyarsa ta fi tsawo, rarar kuma sai ta koma cikin idon da ya gabata. Jan zare da ƙarfi yana ragewa amma ba ya kashewa, ga ciwon yatsa. Abin da ya kashe min shi: ƙullin farko da ke bin tufka, in naɗa masa zare ta ƙasan kibiya, akasin yadda aka saba. Tafiyar zaren ta gajarta ke nan. Idon zai zauna a juye, saboda haka in an dawo kansa a layin ciki sai a saƙa shi ta ƙafar baya ya miƙe. Ido ɗaya ne tak a bayan kowace tufka, biyar a layi, amma bambancin daga nesa ake ganinsa.

Ƙirga layi a kan tufka kanta wahala ce, domin murɗin yana ɓoye layin da aka yi shi. Kuskuren kuma bibbiyu yake zuwa, a murɗa bayan layi 6 ko 10 a maimakon 8, sai gaɓa ɗaya ta fito gajera ko doguwa a tsakiyar 'yan uwanta. Ina zana layi a takarda, amma takarda tana buƙatar a tuna da ita, ga sallama, ga girki. Abin da ya fi tabbas shi ne in na gama layi na 3 in zura ɗan guntun zare mai kala a cikin ido ɗaya na sumul ɗin gefe. Kafin murɗin tufka na gaba dole a sami ido bakwai a samansa, har da wanda ke kan kibiya.

In an gano tufka ɗaya ta karkata ba daidai ba, layi goma ko ashirin a ƙasa, ba sai an warware faɗin rigar ba. A saƙa har a iso kanta, a zare idanunta shida kaɗai daga kibiya, a warware su layi-layi har a wuce murɗin da ya ɓaci. Za a ga zaruruwa a kwance a jere, kowane ɗaya layi guda ne. A kwashe idanun shida a tsinke, a sauya musu wuri yadda ya kamata, sannan a ɗauki zaren da ya fi kowanne ƙasa a saƙa su da shi, daga dama zuwa hagu, fuskar saƙa tana kallonki. A tura idanun ɗaya bakin tsinken, a ɗauki zare na biye, haka har sama, ba tare da an manta da murɗin da ke kan hanya ba. Tsinke biyu masu baki biyu ake buƙata, kuma sirara, domin zaren a ƙayyade yake. Haɗarin shi ne a tsallake zare ɗaya ko a ɗauki na sama kafin na ƙasa. Idanun dama sukan fito a matse, na hagu a sake, sai a bi da bakin allura a raba musu zaren daidai. Ga mai tsoron warwara, kowane layi 16 ta zura siririn zaren ɗinki cikin dukkan idanun da ke kan kibiya ta bar shi a nan. In ta kama dole a warware, a kansa za a tsaya, ba ido ɗaya da zai gudu.

Ana iya murɗi babu tsinke. Domin karkata hagu, a zura kibiyar dama ta baya cikin ido na huɗu zuwa na shida, a danne gindin idanun da babban yatsa, a zare kibiyar hagu daga duka shidan, a kwashe ukun da ke reto a gaba da kibiyar hagu, a mayar mata da ukun kibiyar dama, a saƙa shida. Yana da sauri ƙwarai. Amma da ulun roba mai santsi, ninki biyu, ido uku a sake a iska, ni ban ga ribarsa ba. A tufka mai ido huɗu ya dace, a mai shida tsinke ya fi kwanciyar hankali.

Hunturu da kansa yana shiga aikin. Fatar yatsa in ta yi kaushi tana kama zare ta tsefe shi, don haka man kaɗanya da dare, a bar shi ya shiga jiki, ba dab da ɗaukar saƙa ba, kada maiƙo ya hau zare ƙura ta manne. Dunƙulen ya zauna cikin leda ko rigar filo, zaren kaɗai ke fitowa. Wanda ya fi duka shi ne a fara tun kaka, a watan Oktoba, rigar ta riga sanyi isowa. In zare ya ƙare, a haɗa sabo a bakin layi, a bar jela santimita 15 wadda za a ɓoye a cikin ɗinki. Ɗaurin zare a tsakiyar layi yana kwancewa a wanki, ko ya leƙo fuska. In an ci karo da ƙulli a cikin dunƙulen kansa, a yanke shi a koma bakin layi.

Baya ya ɗauki zagaye 16 na zanen, layi 128, kusan santimita 46 a kan biyar na roba. A santimita 32 daga gindi na ɗaura alama a kowane baki, nan ne hammata. Da na gama na ɗora shi a sikeli, giram 135. A ninka wannan uku, a ƙara 30 na wuya da ɗinki, an san ko zaren zai kai tun da sauran damar nemo irinsa.

A saman ne ake fitar da 11 ɗin da aka shigar a gindi. Kafaɗa kowace ido 29 ce, wato sumul 27 da ƙulli 2, wuya kuma 43 na tsakiya. A layin ƙarshe na haɗa ido bibbiyu sau biyu a kan kowace tufka, sau uku a kan kitso, 43 suka koma 32. In ba a yi haka ba, idanun da murɗi ya tsuke za su baje a inda babu murɗin da zai riƙe su, wuyan ya yi fiffike a ƙeya. Ban rufe ko ɗaya ba, na kwashe kafaɗu da wuya a kan zare daban-daban na ajiye.

Gaba daidai yake da baya har zagaye 14, sannan a buɗe wuya. Ido 27 na tsakiya, wato kitso da ƙulli uku-uku da tufka biyu na ciki, a rage su da 7 su koma 20, a ajiye a zare. Kowane gefe saura 37, ana son 29. Ta bakin wuya a rufe 3, layin da ya sake farawa daga nan a rufe 2, sannan ɗaya-ɗaya sau uku. Tufkar waje tana cikin waɗanda ake cinyewa, saboda haka da zarar idanunta sun gaza shida a daina murɗa ta, a bi da sumul. A ci gaba har ya kai tsawon baya.

Hannu ba shi da wuya. Ido 42 a kibiya siririya, roba santimita 5, a ƙara 2 a tsakiya su zama 44: sumul 17, ƙulli 2, tufka 6, ƙulli 2, sumul 17. Kowane layi na huɗu a ƙara ido ɗaya a kowane gefe, ido biyu daga baki ba a bakin kansa ba, sau 20, ya kai 84. Layi 12 babu ƙari, sannan a rufe da sakakken hannu, ana rage biyu a kan tufkar. Tufkar hannun dama da ta hagu su saɓa wa juna. Na saƙa su tare a kibiya guda, kowanne da dunƙulensa, don kada ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Kafaɗa da kibiya uku na haɗa ta. A mayar da 29 na gaba a kibiya ɗaya, 29 na baya a wata, fuska na kallon fuska, a zura ta uku cikin ido ɗaya daga nan ɗaya daga can a saƙa su tare, a yi na biyu, a tsallakar da na farko a kansa. Ɗinkin yana fitowa siriri, kuma yana da ƙarfin ɗaukar nauyin hannu.

Wuya shi ne wurin da aikin wata guda ke iya lalacewa a minti goma. Da kibiya mai igiya, lamba 3.25, tsawon santimita 40, na kwashi 32 na baya, na tsinci 18 a gangaren hagu, 20 na gaba, 18 a gangaren dama, jimla 88, wanda huɗu ke raba shi. Wadda ba ta da irin wannan kibiya ta bar kafaɗa ɗaya a buɗe, ta tsinci 90 da kibiya miƙaƙƙiya, ta ɗinke daga baya. A wurin tsinta a zura kibiya ido ɗaya cikakke daga baki, kuma a guji manyan hudojin da ke kusurwa, domin tsintar ido a cikin huda ƙara buɗe ta yake yi. A tsinci na gefenta. Roba santimita 3, sannan a rufe da kibiya lamba 4 ko ma 4.5, sumul a kan sumul, ƙulli a kan ƙulli. Kan ɗan shekara goma ya haura santimita 50, layin rufewa kuma ba ya miƙewa yadda sauran saƙa ke yi. Kada a yanke zare sai an zura kan yaron an ga ya wuce ba tare da ya kama kunne ba.

Tsakiyar saman hannu, inda tufka ta ƙare, ta zauna daidai kan ɗinkin kafaɗa, bakinsa biyu a kan alamun hammata. Tunda ido ya fi layi faɗi, ido 4 na hannu suna tafiya da layi 5 na jiki. Gefe da ƙarƙashin hannu ta fuska ake ɗinke su: a ɗauki ɗan zaren da ke kwance tsakanin idon baki da na biyu, ɗaya daga wannan ɓangare, ɗaya daga wancan, bayan kowane santimita uku a ja a hankali, ɗinkin ya shige ciki ya ɓace. In an ja da ƙarfi gefen zai tattare.

Dutsen guga kada ya taɓa ta. Zafi yana narkar da ƙarfin zaren roba, tufkar ta kwanta shamɓal, ta yi ƙyalli, kuma ba ta sake tashi har abada. Wanki da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a matsa ba a murɗe ba, a naɗe cikin tawul a taka, a shimfiɗa a tabarma cikin ɗaki a gyara ta da tef ta koma 40 da 50. In aka rataye ta a igiya nauyin ruwa zai ja ta, kafaɗa ta yi ƙaho.

Ga mai son ta babban mutum, zanen tsakiya ba ya sauyawa, gefe ne ke ƙaruwa. Riga mai kewayen 104, faɗi 52 ke nan, a cire 16 saura 36, 18 a kowane gefe, ido 40 da ɗaya na ɗinki. A ɗora 118 a roba, a ƙara 11 ɗin nan dai, a sami 129.

Ragowar zaren a ajiye shi, domin baɗi hannun zai gaza. Robar da aka fara daga ƙasa ba ta warwaruwa ta gindi. Sai dai a yanke ido ɗaya a layin da ke saman robar, a zare wannan layin gaba ɗaya da allura, tsohuwar robar ta faɗi, a kwashe idanun da suka bayyana a kibiya lamba 3.25. Idanun da aka kwaso ta ƙasa suna gocewa da rabin ido, don haka tufka ba za ta ci gaba daidai ba. A rage biyu a kanta, a daidaita adadin ya koma 42, a saƙa sabuwar roba mai tsawon santimita 9 ko 10, wadda za a naɗe bana a sake ta baɗi.